Iska, Hanci Da Ɗakin Da Aka Rufe

Laccar da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban makaranta, iyayenmu malamai waɗanda suka sha alli dominmu, shugabannin ƙungiya, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da sauran jama'a da suka taso daga Ketare da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu wurare masu nisa, ina yi muku barka da zuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamanmu da abokan karatunmu, amin.

Kwamitin shirya taro ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na san wasu suna sa ran tun da ma'aikacin gwamnati aka kira, za su ji batun ƙarin girma ko fansho. Sai dai na zaɓi in mayar da mu ajin firamare, zuwa ga darasin nan na kimiyya da aka fara yi mana tun ba mu iya ɗaura ɗamara ba, watau darasin iska. Duk wanda ke zaune a nan yana iya rera shi: iska tana ko'ina, iska tana cin wuri, iska tana da nauyi, ba a ganinta, ba ta da wari. Mun rubuta, an ba mu maki, mun wuce. Dalilin da ya sa na ɗauko shi yau shi ne, wannan ɗan darasi yana da hannu a cikin mutuwa da rayuwa a gidajenmu duk shekara, musamman daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, amma mafi yawan yaranmu suna fita daga firamare ba su taɓa ganin an gwada shi da hannu ba.

Bari mu fara da cewa iska abu ce. Wannan magana tana da wuyar shiga kan yaro, domin shi a wurinsa kwanon da babu tuwo babu komai a ciki. Amma a ɗauki tambulan, a cusa takarda a gindinsa, a kife shi tsaye a cikin bokitin ruwa, a ciro. Takardar za ta fito a bushe, domin ruwa bai sami wurin shiga ba, wani abu ya riga shi. A ɗan karkata tambulan ɗin a ƙarƙashin ruwa, sai a ga abin yana fita bul-bul-bul. Nauyinta kuwa, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe ta kai kimanin kilo 1.2. Ke nan aji mai tsawon mita 9, faɗin mita 7, da tsayin mita 3, yana ɗauke da iska sama da kilo 200, fiye da buhu biyu na masara irin wanda ake lodawa a kasuwar Sheme. Ku gaya wa ɗan manomi haka ku ga yadda zai ɗaga kai ya dubi silin.

Sannan iskar nan gauraye ce. A cikin kashi 100, kimanin 78 naitirojin ce, 21 oksijin, ragowar ɗaya kuma ya haɗa wasu ƙananan iskoki, har da kabon dayoksaid wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi. Kashi 21 ɗin nan shi ne abincin huhu, shi ne kuma abincin wuta. Wani Bature mutumin Ingila mai suna Joseph Priestley ya ware ta a shekarar 1774, sannan Lavoisier na Faransa ya bayyana aikinta ya raɗa mata suna. Amma maƙeran garinmu sun daɗe da sanin aikinta kafin su san sunanta, domin duk mai zuga-zugi ya san wuta ba ta ja sai an ba ta iska.

A nan ina roƙon malamanmu na kimiyya su ba ni izinin wata 'yar tsokana. Akwai gwajin nan da ake kafa kyandir a faranti mai ruwa, a kunna, a kife kwalba a kai, wutar ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalbar. Littattafai da yawa suna cewa wai ruwan ya hau ne ya cike gurbin oksijin da ta ƙare. Maganar ba haka take ba. Wutar kyandir tana mutuwa tun oksijin tana wajen kashi 16, da sauranta da yawa, kuma babban abin da ke jawo ruwan shi ne iskar da ta yi zafi ta kumbura har wata ta fice, da wuta ta mutu sai ta huce ta tsuke. Gwajin yana da kyau, bayanin ne ke son gyara. Ku riƙe wannan kashi 16 ɗin, za mu neme shi a bakin rijiya nan gaba kaɗan.

To, ina wari da ƙamshi suka shigo? Idan aka ce iska ba ta da wari, me ya sa mutum yana ƙofar gida zai san yau miyar kuka ce da daddawa? Amsar ita ce, abin da hanci ke ji ƙananan ɓurɓushi ne na abin kansa, waɗanda suka yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, suka rabu da shi suka bi iska. Duk lokacin da ka ji ƙamshin tsire, wani abu daga jikin naman ne ya shiga hancinka, ko da ba ka biya mai tsire ko kwabo ba. Zafi yana ƙara musu gudu, shi ya sa turaren wuta ba ya tashi sai an ɗora shi a garwashi, shi ya sa kuma tuwon da ya kwana ba ya kiran kowa sai an ɗumama. Kafur ɗin da iyayenmu mata ke sakawa a akwatin tufafi misali ne mai kyau: dunƙule ne mai tauri, amma bayan wasu watanni sai a tarar ya ƙanƙance ko ya ɓace, bai narke ya jiƙa komai ba, ya tashi ne kai tsaye ya bi iska. Yaron da aka nuna wa kafur, aka nuna masa man shanu a rana, aka nuna masa ƙanƙara tana zama ruwa, ruwa yana zama tururi, ya gama gane halaye uku na abubuwa. Mu da ƙaramar hukumarmu ke amsa sunan Ƙanƙara bai kamata a riga mu gane wannan ba.

A can saman kogon hanci akwai jijiyoyi masu karɓar waɗannan ɓurɓushi, iri-iri har kimanin 400 a jikin ɗan Adam. Wasu masana biyu na Amurka, Linda Buck da Richard Axel, su ne suka gano asalinsu a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Kaifin hancin kuwa abin a yi tasbihi ne. Ƙamshin nan na ruwan farko, wanda ke sa manomi ya fara laluben fartanya, yana fitowa ne daga wani sinadari da wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa ke yi, kuma hanci yana jinsa ko da ɗigonsa ya yi ƙanƙantar da ba ta misaltuwa.

Duk da wannan kaifi, hanci yana da rauni biyu, kuma a kansu ne sauran maganata za ta tsaya. Na farko, yana gajiya. Majemi ba ya jin warin jima, mai sayar da fetur ba ya jin fetur, kai ma idan ka shiga ɗaki mai wari, bayan mintoci kaɗan sai ka ce ai ya tafi, alhali yana nan, hancinka ne ya daina kawo rahoto. Na biyu, wanda ya fi muni, akwai iskokin da ba a yi wa hanci jijiyar jinsu ba sam, kuma a cikinsu ne masu kisa suke.

Mu ɗauki ɗakin hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu, idan sanyi ya sauko da hazo, wanda galibin ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, kowa ya san abin da ake yi. A zuba gawayi a kasko, a shigar da shi ɗaki, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma. An fi yi wa mai jego da jaririnta da tsofaffi, watau waɗanda aka fi tausayi. Yayin da gawayi ke ci a wurin da iska ta wadata, mafi yawan abin da yake fitarwa kabon dayoksaid ce. Amma idan ɗaki ya rufu, oksijin ta fara ja baya, sai ƙonewar ta zama rabi-rabi, ya riƙa fitar da wata iska dabam mai suna kabon monoksaid. Sunayen sun yi kama, aikin ya sha bamban. Ita wannan ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Mutane suna cewa a bari hayaƙi ya gama fita a tsakar gida, in garwashi ya yi ja sai a shigar. Hayaƙin da ake gudu shi ne ma mai gargaɗi. Jan garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar, ba kuwa mai ji.

Yadda take kisa shi ne, a cikin jini akwai abin da ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki, kamar yadda ɗan dako ke ɗaukar kaya. Wannan iska tana manne wa ɗan dakon nan fiye da yadda oksijin ke yi sau 200 da ɗoriya, ta hau ta ƙi sauka. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun komai. Idan ta kai kashi 1 cikin 100 na iskar ɗaki, 'yan mintoci sun isa. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda duk muka saba ɗora wa zazzaɓin cizon sauro. Wanda yake barci kuwa ba ya ma jin alamun, daga barcin ne yake zarcewa. Abin da zai sa a yi zargi shi ne a ga mutanen ɗaki ɗaya sun kamu lokaci guda, babu zafin jiki, kuma duk wanda ya fita waje ya sami sauƙi.

Haka abin yake ga janareta, har ma ya fi gawayi sauri. Halin rashin tsaro da yankinmu ya shiga a shekarun nan, wanda duniya ta ji labarinsa lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ya koya wa mutane kulle ƙofa da wuri da shigar da duk wani abu mai daraja ciki. Ba wanda zai zargi magidanci don ya ji tsoron a ɗauke masa inji. Amma janareta a zaure, ko a baranda kusa da tagar ɗakin kwana, ko a shagon da yaron shago ke kwana a ciki, ɓarawo ne da ya fi na waje. Masana lafiya suna ba da shawarar a ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da kimanin mita 6. A gina masa keji na ƙarfe a tsakar gida, a sa kwaɗo. Kuɗin maƙeri bai kai na likkafani ciwo ba.

Akwai wani abu a harshenmu da ya kamata mu lura da shi a nan. Kalmar da muke kiran abin da muke shaƙa, ita ce muke kiran mutanen ɓoye da ita. Idan aka wayi gari aka tarar da iyali a sume a ɗaki rufe, babu rauni, babu alamar shigowar kowa, sai ka ji an ce iska ce ta buge su. Mai maganar ya faɗi gaskiya ba tare da ya sani ba, sai dai wace iskar? Ni ban zo nan don in yi jayayya da abin da addini ya tabbatar ba, malamai suna nan. Abin da nake roƙo shi ne tsari: a fara buɗe ƙofa da taga, a fitar da mutane fili, a kashe abin da ke ci, a nufi asibiti inda za a sa musu oksijin, addu'a kuma tana tafiya tare da mu a cikin mota. Kada a tsaya turara musu wani hayaƙi a cikin ɗakin da ya kayar da su. Wanda ya farfaɗo ma a kai shi, domin gubar takan bar lahani a ƙwaƙwalwa da ba ya bayyana sai bayan kwanaki.

Daga ɗaki sai rijiya. A nan kabon dayoksaid ce ke aiki. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kimanin rabi, saboda haka takan gangara ta kwanta a wuri mai zurfi kamar yadda ruwa ke kwanciya a kwari, ta ture oksijin sama. Tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa, ko wadda ganye da shara suka ruɓe a ciki, tana iya cika da ita, ido kuwa ba zai ga komai ba sai duhu. Labarin kusan iri ɗaya ne duk inda aka ji shi: guga ko akuya ta faɗa, saurayi ya shiga ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi ya yi shiru, na uku ma haka. Zumunci ne ke tura su, kuma ba a hana mutum son ɗan'uwansa, amma wanda ya san darasin aji huɗu zai gane cewa shirun na farko saƙo ne. Tsofaffin masu haƙar rijiya suna da dabararsu: su zura fitila mai ci da igiya, in ta mutu kafin ta kai ƙasa, ba mai sauka. Ga inda kashi 16 ɗinmu ya dawo. Wuta tana mutuwa tun mutum bai kai ga faɗuwa ba, don haka fitilar tana ba da gargaɗi da wuri. Idan ta mutu, sai a bar rijiyar a buɗe, a yi ta zura ganye ko buɗaɗɗiyar lema ana jawowa don a motsa iskar, a sake gwadawa, kuma mai sauka ya sauka da igiya a ƙugu, da mutane a sama masu iya jawo shi.

Sai dai dabarar fitila tana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar yana da haɗari. Ba ta nuna kabon monoksaid, domin fitila tana ci lafiya lau a cikin iskar da za ta kashe mutum. Saboda haka masu yashe rijiya ko masu noman rani da ke zura injin ban-ruwa mai fetur cikin rami su sauka tare da shi, fitila ba za ta cece su ba. Injin ya zauna a sama, tiyo ya sauka. Haka kuma ba a kai wuta bakin ramin masai ko shadda, domin iskar da ke taruwa a can tana kamawa da wuta. A ramin masai ɗin ma akwai wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jijiyar hanci nan take, mutum ya ce wari ya tafi a daidai lokacin da ya fi yawa. Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe suna shiga rami da tsuntsu kanari a keji, domin shi yakan faɗi kafin mutum, ba su daina ba sai a 1986 da na'ura ta karɓi aikin.

A wannan shekara ta 1986 ɗin ce kuma maƙwabtanmu na Kamaru suka ga abin da rijiya ke yi, amma a girman gari. Ran 21 ga Agusta da dare, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin ƙasar ya yi aman kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa. Iskar ta gangara kwari ta bi ƙauyuka, ta kashe mutane sama da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500, cikinsu har da shanun Fulani makiyaya. Bukkoki suna nan tsaye. Waɗanda suka tsira da yawansu suna kan tudu ne.

Kada in cika ku da labarin mutuwa, wannan ilmi yana kuma cika aljihu. Yankinmu yankin hatsi ne, kuma kowa ya san yadda ƙwari ke mayar da buhun wake gari kafin farashi ya tashi. Ƙwaro ma numfashi yake yi. A kan wannan ne masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, suka fito da buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashen Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a matse iska a ɗaure shi dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar oksijin da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu, ba a zuba ko ɗigon magani ba. Gwajin kyandir da kwalba ne aka mayar sana'a. Wanda ya gane dalilin ba sai an gaya masa cewa huda ɗaya ta ɓera ko ta tsinke ta ɓata aikin ba, kuma ba zai riƙa kwance bakin buhu duk mako yana leƙawa ba. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa ruf, in an cika shi da busasshen wake, aiki ɗaya yake yi.

Ku kwatanta wannan da ƙwayar maganin hatsi da ake sayarwa a kasuwa, wadda ake naɗewa a tsumma a tura cikin buhu. Ita da zarar ta sha laimar iska sai ta fara sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin, kuma wannan iska ba ta san bambancin ƙwaro da yaro ba. Tana ratsa buhu, tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da saman katangar da ba ta kai rufi ba. An yi ta ne don rumbu ko sito da ba kowa a ciki, a hannun wanda aka koya wa aiki da ita. A gidajenmu kuwa, saboda tsoron ɓarayi, hatsi yana kwana ɗaki ɗaya da masu shi. Haka kuma masu yayyafa fiya-fiya a kan wake: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a jikinsa. Su sun auna sun ƙi. Mu da ba mu auna ba, mun ci.

Tukunyar gas da ta shigo ɗakunan girkinmu ita kuma darasi ce ta wata fuska. Gas ɗin kansa kusan ba shi da wari, da gangan kamfanoni ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi. An koyi wannan ne da tsada: a watan Maris na 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka ba wanda ya ji, ya fashe, ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu ɗalibai. Bayan nan aka kafa dokar sa masa wari. Idan uwargida ta ji wannan ɗoyi, kada ta kunna ashana, kada ta taɓa makunnin lantarki, ta rufe kan tukunya ta buɗe ƙofa. Kuma tun da ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, tagar sama kaɗai ba ta fitar da shi.

Ƙura ma abu ce da iska ke ɗauka. Ba mu manta da abin da ya faru a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010 ba, inda ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar dalma ta kashe yara sama da 400. 'Yan'uwanmu masu haƙa da niƙan farar ƙasa a nan Ƙanƙara, duk da tasu ba dalma ba ce, huhu bai san ƙura mai kyau ba. A jiƙa wurin aiki, a rufe hanci, kada a kai niƙa cikin gida.

Yanzu me ya rage gare mu a matsayin ƙungiya? Mun saba idan an tara kuɗi a yi fenti, a sayi kofin ƙwallo, a kafa allo mai sunayenmu. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ina ganin an daɗe ana fakewa da cewa ba a koyar da kimiyya da hannu saboda babu ɗakin gwaje-gwaje, alhali duk gwajin da na ambata yau babu wanda ya fi ƙarfin bokiti, tambulan, kyandir, kwalba, balan-balan, sirinji marar allura, kafur da ledar buhu. A toshe bakin sirinji da yatsa a danna, yaro ya ji iska tana matsuwa tana turo hannunsa. A cika shi da ruwa a danna, ya ji ya ƙi. Ya gane bambancin iska da ruwa har abada. Randar da ke kusurwar aji ma malama ce: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska ya tafi da zafi, shi ya sa na ciki ke sanyi, kuma da wannan ne wani malami a Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Abin da ya fi ƙaranci shi ne malamin da aka nuna wa yadda ake yi, aka kuma ba shi ƙwarin gwiwar ya bar allo na minti goma.

Saboda haka ina gabatar wa shugabanni shawara, su duba ta a zaman da za a yi bayan an ci abinci. A haɗa ƙaramin akwati na waɗannan kayayyaki ga kowace firamare da ke turo wa makarantarmu ɗalibai, a fara da na Ketare da kewaye. Malamanmu na kimiyya, na yanzu da waɗanda suka yi ritaya in lafiya ta bari, su ba malaman firamare yini ɗaya na gwaji, ƙungiya ta ɗauki nauyin mota da abinci. 'Yan'uwanmu da ke aikin asibiti da na gona su rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, a kan gawayi, janareta, rijiya da maganin hatsi, a kai wa limamai da masu unguwanni da makarantun Islamiyya na matan aure, domin su ne masu kaskon wuta. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan kabon monoksaid ta taru. A sayo ko guda biyu ne a ajiye a ɗakunan kwanan ɗalibai, ɗaya kuma a riƙa zagayawa da ita ana nuna wa mutane a kusa da kasko, su ji da kunnensu abin da hancinsu bai ji ba.

Lokaci ne kawai abin lura. Maganar hatsi tana son ta isa kafin a fara ɗaure buhuna a watan Oktoba, ta gawayi kuma kafin sanyin Disamba. Idan shugabanni sun amince, ni na ɗauki rubuta takardar neman izini zuwa ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, tun da rubuta takarda ita ce sana'ar tamu, kuma ma'aji ya sa sunana a farkon masu biyan kuɗin akwati.